Whitby: Garin Masunta Da Ya Koma Sayar Da Tarihinsa

A arewa maso gabashin Ingila, daidai inda kogin Esk yake zubawa cikin Tekun Arewa, akwai wani gari da mutanensa ba su wuce 13,000 da 'yan kai ba. Sunansa Whitby. A taswirar Birtaniya ɗigo ne kawai, amma jirgin da ya fara kai Turawa gaɓar gabashin Ostareliya a nan aka sassaƙa shi, taron da ya daidaita kalandar cocin Ingila a nan aka yi shi, kuma ɗaya daga cikin littattafan ban tsoro da suka fi yin suna a duniya a nan aka ɗauki cikinsa. Shi ya sa da na kai wa ɗan yayata ziyara a York, inda yake karatu, ya tambaye ni wurin da nake son gani, ban ce masa Landan ba.

Mun hau bas mai hawa biyu da hantsi, a ƙarshen watan Agusta. Hanyar ta bi ta Malton da Pickering, gonakin alkama da sha'ir hagu da dama, sannan motar ta fara hawan tudun da ake kira North York Moors. Daga nan bishiyoyi suka yi ƙaranci. Iyakar ganinka wata gajeriyar ciyawa ce mai fure ruwan shunayya, tumaki kuma suna kiwo har kan kwalta, ba makiyayi, ba shinge. A tsakiyar wannan fili muka hango wani ƙaton gini mai kusurwa, ba taga ko ɗaya. Tashar Fylingdales ce, inda sojojin saman Birtaniya tare da Amurka suke sa ido da na'urar rada kan makamai masu linzami. Bayan tafiyar awa biyu da wani abu motar ta gangara, sai ga teku, sai ga wani baƙin kango mai dogayen tagogi tsaye a kan dutse shi kaɗai.

Kogin ya raba garin biyu. Gefen gabas shi ne tsohon gari, gidaje masu jan rufi sun hau kan juna a jikin tudu, lunguna kuma wasu da ƙyar mutum biyu za su jera. Gefen yamma nan ne tashar jirgin ƙasa, da kasuwar kifi, da otal-otal. Abin da ya haɗa su wata gada ce ta ƙarfe da aka buɗe a 1909, wadda take juyawa gefe idan jirgi mai dogon tirke zai wuce. Muna isowa aka buga ƙararrawa aka tsayar da mu, masu mota da masu ƙafa, har wani ɗan jirgi ya gama wucewa. Na ce wa yaron mu fara da kangon can sama, tunda shi ne babba a shekaru.

Matakala 199

Ba a isa can sai an hau matakala 199. Da can ta katako ce, a 1774 aka mayar da ita ta dutse. Jefi-jefi akwai wurare masu faɗi da benci, kuma ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi su ba. Tsohuwar maƙabartar garin a sama take, a da masu ɗaukar makara a nan suke sauke ta su huta. Na zauna a ɗaya ina mayar da numfashi, yaron ya ce, "Kawu, ka ga kai ma an yi maka tanadi." Na ce masa ya bari sai ya kai shekaruna mu ji bakinsa.

A saman akwai cocin St Mary, wadda tushenta ya koma farkon ƙarni na 12. Cikinta ya fi kama da aikin masu sassaƙa jirgi, kujerun katako ne masu bango da ƙofa, kowane iyali da akurkinsa, mumbarin kuma hawa uku. A jikinsa an maƙala wasu bututu masu baki kamar ƙaho, waɗanda aka yi wa matar wani limamin cocin da ba ta ji sosai, don huɗubar mijinta ta riƙa isa kunnenta. A waje kaburbura ne birjik, gishirin iska ya cinye rubutun da yawansu. Waɗanda ake iya karantawa, da dama suna cewa mai sunan ba ya ciki, teku ta tafi da shi.

Bayan cocin ne kangon yake. A shekarar 657 Sarki Oswiu na Northumbria ya kafa gidan rahibai a wannan wuri, ya ɗora wata 'yar gidan sarauta mai suna Hilda a kansa. Gida ne na maza da mata, kowa da sashensa, mace ce shugaba, kuma sarakuna da malamai suna zuwa neman shawararta. A zamaninta ne wani mai kula da shanun gidan, Caedmon, ya fara tsara waƙoƙin addini da harshen talakawa, shi ne mawaƙin Ingilishi na farko da tarihi ya riƙe sunansa.

Abin da ya fi ɗaukaka wurin shi ne taron 664. Kiristocin arewacin Ingila sun karɓi addini ta hanya biyu, wasu daga malaman Ailan, wasu daga Rum, kuma kowane ɓangare da yadda yake lissafin wata don gano ranar bikin Ista. Malamin tarihi Bede ya rubuta cewa saɓanin ya shiga har fada, ta yadda sarki zai iya kasancewa yana biki alhali matarsa tana cikin azumi. Duk wanda ya taɓa ganin unguwa ɗaya ta tafi Idi maƙwabciyarta tana riƙe da azumi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sarkin ya tara malaman, Colman ya kare al'adar Ailan, Wilfrid ya kare ta Rum, har da batun irin askin da rahibi zai yi. Oswiu ya yanke hukunci a bi Rum. Hilda tana tare da ɓangaren da aka kayar, amma ta karɓi hukuncin, ta ci gaba da riƙon gidan har rasuwarta a 680.

Mahara daga Denmark sun tarwatsa wannan gida wajen 867, ya zauna kufai shekara 200. Bayan Normawa sun ci Ingila aka sake kafa shi wajen 1078, kuma bangayen da ake gani yau an fara ɗaga su ne a ƙarni na 13. A 1539 Sarki Henry na Takwas, da ya ɓata da Fafaroma, ya rufe shi ya ƙwace dukiyarsa. Aka ɗebe darmar rufin, mutanen gari suka yi ta jidar duwatsu suna gini, hasumiyar tsakiya ta faɗi a 1830. Sauran ɓarnar jiragen yaƙin Jamus suka ƙarasa da safiyar 16 ga Disamba 1914, ranar da suka yi luguden wuta kan Scarborough da Hartlepool da Whitby. Yau hukumar English Heritage ce take kula da wurin, kuma sai ka sayi tikiti kafin ka shiga.

Daga alif zuwa jiragen kwal

Idan ka tsaya a bakin dutsen ka dubi gaɓar, za ka ga wuraren da tudu ya zama kamar an gutsure shi, a Saltwick ta gabas da Sandsend ta yamma. Ba aikin teku ba ne kaɗai. Tun farkon ƙarni na 17 aka gano cewa duwatsun wannan gaɓa suna ɗauke da alif, wanda marina suke buƙata don launi ya kama ulu. Kafin nan daga Italiya ake sayo shi, ma'adinan kuma a hannun Fafaroma suke. Aikin mai wahala ne da wari. A fasa dutse, a tara shi tsibi a ƙona na tsawon watanni, a jiƙa, a tafasa ruwan, a haɗa da tokar ciyawar teku da fitsarin mutane, wanda ake tarowa ganga-ganga har daga Landan da Newcastle. Masana'antar ƙarshe a gaɓar ta rufe a 1871, bayan an samo hanyar yin alif mai araha.

Alif shi ya mayar da ƙauyen masunta tashar jiragen ruwa. Ana bukatar jirage su kawo kwal su kwashi kaya, sai mutanen garin suka koyi sassaƙa su. Irin jirgin da suka ƙware a kai mai faɗin ciki ne da shimfiɗaɗɗen gindi, ba shi da kyan gani, ba shi da gudu, amma yana cin kaya, kuma idan ruwa ya janye zai zauna a kan yashi ba tare da ya kife ba. A ƙarshen ƙarni na 18 garin nan ne na uku a Ingila wajen ƙera jirage, bayan Landan da Newcastle.

A wani lungu mai suna Grape Lane muka shiga gidan John Walker, mai jiragen dakon kwal, wanda yanzu gidan tarihi ne. A 1746 wani saurayi ɗan shekara 18, ɗan ma'aikacin gona daga ƙauyen Marton, ya zo koyon aiki wurinsa bayan ya gaji da tsaron kanti a Staithes. Sunansa James Cook. Shekara 9 ya yi yana kai da komo da kwal a Tekun Arewa, da dare yana karatun lissafi da ilimin taurari, kafin ya shiga rundunar sojan ruwa a 1755. Da aka ba shi jagorancin tafiya zuwa Tekun Pasifik a 1768, jirgin da aka saya masa na dakon kwal ne ƙirar Whitby, aka sauya masa suna zuwa Endeavour. Amfanin shimfiɗaɗɗen gindin ya fito a 1770, lokacin da jirgin ya daki duwatsun murjani a gaɓar Ostareliya, suka ja shi bakin wani kogi suka gyara. Sauran jiragensa uku, Resolution da Adventure da Discovery, su ma duk a Whitby aka yi su. An kashe shi a Hawaii a 1779.

Garin yana alfahari da shi ƙwarai, gunkinsa yana tsaye a tudun yamma tun 1912 yana kallon teku. Ni dai da na tsaya gaban taswirorinsa, na yaba hannun da ya zana su, amma ban manta abin da ya bi sawunsu ba. Shekara 18 bayan ya sauka a Ostareliya jiragen farko na 'yan mamaya suka iso, kuma abin da ya sami 'yan asalin ƙasar da Maori na New Zealand labari ne da wanda kakanninsa suka ga zuwan Turawa zai gane tun kafin a ƙarasa ba shi.

Ƙashin wel da baƙin dutse

Kusa da gunkin akwai wata ƙofa da aka yi da ƙasusuwa biyu dogaye, kowa yana tsayawa ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Muƙamuƙin wel ne, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Waɗanda suke tsaye yanzu kyauta ce daga Alaska a farkon shekarun 2000, amma abin da suke tunatarwa na garin ne. Daga 1753 jiragen Whitby suka fara tafiya ruwan Greenland farautar wel, kuma kafin sana'ar ta mutu a shekarun 1830 sun kawo gida sama da 2,700. Ana narkar da kitsen a bakin kogi a yi man fitila da sabulu, wani sashe na bakin dabbar kuma a yi haƙarƙarin laima da ɗamarar rigunan mata. Jirgin da ya yi sa'a yakan ɗaure muƙamuƙi a tirkensa idan ya doso gida, matan da ke jira a kan tudu su san bana akwai abinci. Fitaccen maharbinsu, William Scoresby, ya kashe fiye da 500 shi da mutanensa, kuma shi ya ƙirƙiro gangar nan da ake ɗaurawa a ƙololuwar tirke don mai hange ya fake daga sanyi. Suka yi ta kisa har dabbar ta yi wuyar samu, fitilar gas ta zo, kasuwar mai ta faɗi.

Kafin a gama kukan wel, wata ƙofar ta buɗe. A titin Church Street kusan kowane shago na uku yana sayar da sarƙa da 'yan kunne na wani baƙin dutse mai sheƙi da suke kira jet. Na ɗauki ɗaya, na ji ba nauyi, kuma ba shi da sanyin dutse. Mai shagon ta ce ai asalinsa itace ne, wanda ya nutse cikin laka shekara miliyan 180 da suka wuce. Ta goga wani ɗanye a kan farin tangaran, ya bar layi ruwan ƙasa, ta ce da haka ake bambanta shi da kwal, wanda layinsa baƙi ne. Kasuwarsa ta tashi ne a kan makoki. Da Yarima Albert ya mutu a 1861, Sarauniya Biktoriya ta shiga baƙaƙen kaya har ƙarshen rayuwarta, kuma jet na cikin 'yan kayan adon da aka yarda a sa a fada. Duk matar da take ji da kanta a Ingila ta nemi nata. A shekarun 1870 akwai wuraren sassaƙa kusan 200 a garin, ma'aikata sun haura 1,000. Sai aka fara shigo da na Sifaniya mai taushi da na gilashi mai araha, yayi kuma ya wuce, masu sana'ar suka watse.

A gidan tarihin garin da ke lambun Pannett, wanda aka kafa ƙungiyarsa tun 1823, an jera ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa da masu haƙar alif suka tono, da wasu nannaɗaɗɗun duwatsu masu kama da dodon koɗi. Mutanen da suna cewa macizai ne da Hilda ta mayar dutse, shi ya sa har yau guda uku suke kan tambarin garin.

Abin da ya rage na su

Da yamma muka nemi abinci. Kifi da soyayyen dankali shi ne abincin garin, layin wasu shagunan ya fito har titi. A nan Musulmi yana bukatar ya buɗe baki ya yi tambaya, domin al'adar Yorkshire ita ce suya da kitsen shanu, wasu kuma suna zuba giya a kwaɓin fulawar da ake tsoma kifin. Matar da ke kan kanta ba ta ji haushin tambayar ba, ta nuna mana wani shago da yake suya da man kayan lambu. Muka ci a tsaye muna kare takardar da hannu, don fararen tsuntsayen tekun garin ba su da kunya, a gabanmu ɗaya ya fizge kifin wani yaro ya bar shi da kuka.

Kifin da ya riƙe garin a da shi ne herin, wanda ake kira shawa a kasuwannin Najeriya. Idan kakarsa ta zo jirage sukan cika tashar, 'yan mata daga Scotland suna bin ayarin gari-gari suna feɗewa suna jerawa a ganga da gishiri. An yi ta kwasa da manyan taru har ya kusa ƙarewa, a 1977 aka hana kama shi a Tekun Arewa na wasu shekaru. Abin da ya rage na wancan zamani wani ɗan ɗakin banda ne a titin Henrietta, na iyalin Fortune, wanda yake aiki tun 1872. Tun daga nesa hayaƙi yake yi maka jagora. Ana tsaga kifin, a jiƙa shi a ruwan gishiri, a rataye a kan hayaƙin itacen oak, bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin da maiƙon shekaru.

Da sassafe na sauka bakin tashar. Manyan jiragen jan taru sun zama abin ƙirgawa da yatsu. Abin da ya cika wurin tarkuna ne masu siffar keji, an jibge su sun fi tsayin mutum, na kama ƙaguwa da lobsta, wato ƙaton jatan lande mai almakashi biyu. Wani dattijon masunci yana ɗinke ragar tarko ya bar ni na tsaya kusa da shi. Ya nuna mini ƙarfen awo da kowane jirgi yake ɗauke da shi. A lokacin, lobstar da ɓawon bayanta bai kai milimita 87 ba sai a mayar da ita ruwa, haka ma macen da take ɗauke da ƙwai, wadda doka ta hana saukewa tun 2017. Ya ce mafi yawan abin da suke kamawa ba a garin ake ci ba, motoci ne suke kwasa da ransa zuwa Faransa da Sifaniya. Wannan yanki ya zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016 da babban rinjaye, masunta na kan gaba, amma abin da ya fi ambata mini shi ne yawan takardun da yanzu ake cikewa kafin kaya su tsallaka.

Da na tambaye shi shekarar da ta fi muni, bai yi dogon tunani ba. A watan Oktoba na 2021 aka wayi gari matattun ƙaguwa da lobsta sun rufe gaɓar daga Hartlepool har zuwa yankin Whitby. Masunta suka ɗora laifin kan yasar bakin kogin Tees, inda masana'antu suka daɗe suna zubar da dagwalo. Gwamnati ta fara cewa gansakukar teku ce mai guba, daga baya kwamitin masana da ta naɗa ya ce a Janairun 2023 ba a gano takamaiman dalili ba, wataƙila wata sabuwar cuta ce. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗinkinsa. A cikin ginin kasuwar kifin yanzu akwai wurin ƙyanƙyasar lobsta, inda ake renon 'ya'yan har su wuce lokacin da ake cinye su, sannan a sake su a teku.

A kan titin kasuwar kifin akwai gidan tarihin jirgin ceto. Ranar 9 ga Fabrairu 1861 guguwa ta yi ta jefo jirage kan gaɓa, mutanen ceto suka yi ta fita suna dawowa da rayuka, har jirginsu ya kife a gaban idon iyalansu. Mutum 12 suka mutu. Wanda ya tsira shi ne Henry Freeman, shi kaɗai yake sanye da sabuwar rigar ceto ta ɓawon itace mai yawo a kan ruwa. A Oktoban 1914 kuma jirgin asibiti Rohilla ya fashe a Saltwick, sama da mutum 80 suka halaka, aka ceto sauran cikin kwana uku. Har yau yawancin masu aikin ceton 'yan sa kai ne, ƙungiyarsu kuma da gudummawar jama'a take rayuwa.

Baƙi da 'yan gari

Sana'ar da ta haɗiye sauran duka ta fara ne da layin dogo. George Stephenson ya shimfiɗa na Pickering a 1836, dawakai ne ma suke jan taragon da farko. Attajirin jiragen ƙasa George Hudson ya fara gina jerin manyan gidaje a tudun yamma don masu zuwa shan iska, ya karye kafin ya gama, shi ya sa jerin, wanda ake kira Royal Crescent, ya tsaya a rabi. A ɗaya daga cikin gidajen nan Bram Stoker ya sauka a 1890. Ya ji labarin wani jirgin Rasha, Dmitry, da ya kafe a gaɓar garin a 1885, ya tsinci sunan Dracula a wani littafi a laburare, daga tudun kuma ana hango kangon da maƙabartar. A 1897 littafinsa ya fito, mayen shan jinin ya sauka Ingila a Whitby da siffar ƙaton kare. Tun 1994 masu sha'awar baƙaƙen kaya suke cika garin, daga baya har sau biyu a shekara, kuma a Mayun 2022 mutum 1,369 suka taru a kangon cikin shigar mayu don kafa tarihi. Har sanarwa aka taɓa liƙawa a ƙofar cocin ana roƙon baƙi su daina tambayar kabarin Dracula, tunda babu shi.

Wannan kasuwa tana kawo kuɗi, amma da na bi lungunan tsohon gari da dare na ga kuɗin da take karɓa. Ƙofa bayan ƙofa akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, inda ake ajiye wa ɗan haya makulli. Gidajen masunta ne aka yi wa fenti aka raɗa musu sunaye, ana ba da su haya na mako. Ƙididdigar hukuma ta nuna kusan gida ɗaya cikin biyar ko na hutu ne ko na wani mai gida biyu. Yarinyar da ta gyara mana ɗaki ta ce haifaffiyar garin ce, amma daga wani ƙauye take zuwa aiki a bas, don albashinta ba ya kama haya a inda aka yanke mata cibi. A Yunin 2022 mazauna suka kaɗa ƙuri'a, sama da 2,000 suka ce duk sabon gidan da za a gina a sayar wa mai zama a ciki, waɗanda suka ƙi ba su kai 200 ba. Ƙuri'ar ba ta da ƙarfin doka, amma daga Afrilun 2025 majalisar North Yorkshire ta ninka harajin gida na biyu. A tsakanin nan an haɗe makarantun sakandaren garin saboda yara sun yi ƙaranci.

An sa rai a wani ma'adinin takin zamani da ake haƙawa kudu da garin, Woodsmith, wanda za a riƙa tura kayansa ta ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 37 zuwa Teesside. Kamfanin Anglo American da ya saye shi a 2020 ya rage gudun aikin a 2024. A bakin kogi kuma har yanzu akwai masu ƙera jiragen su na ƙarfe, ana jin ƙarar waldarsu daga kan gada.

Alif ya ƙare, wel ya ƙare, jet ya faɗi, herin ya tafi, kuma kowane karo Whitby ta sami abin yi, domin mutanen da suka iya ruwa da dutse suna nan a cikinta. Wannan karon abin da ake sayarwa shi ne garin kansa, ɗaki-ɗaki. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan sanyin Janairu ya shigo baƙi suka watse, wanda zai fita da jirgin ceto da tsakar dare sai wanda yake kwana a garin.

Ga 'yan'uwa da ke karatu ko aiki a Leeds, York, Newcastle ko Middlesbrough, Whitby tafiyar yini ɗaya ce, akwai bas daga Leeds da York, akwai jirgin ƙasa daga Middlesbrough. Ku tafi da rigar sanyi ko da rani ne, ku yi tambaya kafin ku ci, ku duba lokacin cikar ruwa kafin ku bi ƙarƙashin duwatsu. In kuma za ku kashe kuɗi, ku kashe shi wurin mai banda da masunci da mai sassaƙa, waɗanda za su kwana a garin bayan kun tafi.